Ciwo a yatsan ƙafa, kaluluwa a matsematsi: ina haɗin?

Baban_Haidar
Assalamu alaikum jama'a. Masu sanin abin ku taimaka min. Yau kwana biyar da na yi tuntuɓe, farcen babban yatsana na ƙafar dama ya ɗage, wurin ya ɗan yi ruwa. Shekaranjiya sai na tashi da kaluluwa a matsematsi, ita ma a dama, girmanta kamar kan ɗan yatsa. In na taɓa zafi, tafiya kuwa sai da ɗingishi. Tun muna yara muke jin kaluluwa, amma ban taɓa tsayawa na yi tunani a kanta ba sai yau: ciwo yana can ƙasa a yatsa, me ya kawo kumburi har nan sama? Sannan wani abokina ya ce in riƙa murza ta da ƙarfi safe da yamma har ta baje. In yi ko kar in yi?

Maman_Iman
Wa alaikumus salam. Allah ya sawwaƙe. Don Allah kar ka murza komai. Abokin naka so yake ka bar jaki ka koma dukan taiki. Yatsan za ka wanke ka kula da shi, ita da kanta za ta sauka.

Sarkin_Gardama
Ai wannan ba abin wahala ba ne. Ciwon ne ya sa ka canza tafiya, kana ɗora nauyi a gefe guda, shi ne jijiya ta harɗe a cinya. Da ka daina ɗingishi za ta warware.

Nas_Balaraba
Sarkin_Gardama, to wanda ya yi ciwon haƙori kaluluwa ta fito masa a ƙarƙashin muƙamuƙi fa? Shi kuma da haƙorin yake ɗingishi?

Ba jijiya ce ta harɗe ba. Kaluluwar nan tana wurin tun ranar da aka haife ka, Baban Haidar, ba yau ta zo ba. Kowa yana da su ɗaruruwa, wajen 500 zuwa 600, a wuya, a hammata, a matsematsi, da cikin ƙirji da ciki inda hannu ba ya kaiwa. Ƙanana ne, shi ya sa ba ka jin su sai ranar da aiki ya same su. Kuma kowane rukuni da yankin da yake gadi. Na matsematsi su ke kula da ƙafa da al'aura, na hammata hannu da nono, na wuya kuma kai da baki da maƙogwaro. Shi ya sa mu a wurin aiki idan aka nuna mana kaluluwa, ba ita muke fara zuba wa ido ba, tambayarmu ta farko ita ce ina ciwon yake.

Amsa min waɗannan: akwai zazzaɓi? Akwai wani jan layi da ya taso daga yatsan ya nufo sama? Kana da ciwon suga? Yaushe rabonka da allurar tetanus?

Baban_Haidar
Na gode Sista. Ba zazzaɓi, ba jan layi, suga kuma an gwada ni bara babu. Tetanus ɗin ne dai gaskiya ba zan iya tunawa ba. Amma har yanzu ban gane ta wace hanya abin ya bi ya hau ba. Ta jini?

Ɗalibin_Likita
Ba ta jini ba, Yaya. Akwai wata hanya ta biyu a jiki da yawancin mutane ba su san da ita ba. Bari in gwada, Anti Nas ta gyara min in na kauce.

Jini in ya bar zuciya yana bin manyan jijiyoyi, su yi ta rarrabuwa har su zama sun fi gashi siranta. Bangon waɗannan ƙananan ba a toshe yake ƙiƙam ba, wani sashe na ruwan jinin yana tsattsafowa waje ya jiƙa tsoka da fata, ya kai musu abin da suke buƙata. Lissafin da ke littattafan da ake koya mana shi ne kusan lita 20 ke tsattsafowa a rana, wajen 17 su koma jijiyar, wajen 3 su rage a waje. To duk jinin jikin babban mutum bai wuce lita 5 ba. Ka ga da za a bar lita 3 ɗin nan suna taruwa kullum, kafin mako ya zagayo mutum ya kumbura suntum.

Shi ne Allah ya yi wa jiki magudana. Wasu siraran hanyoyi ne da suke farawa a rufe, kamar yatsun safar hannu, a kusan ko'ina, suna tsotse wannan ragowar ruwan. Da ya shiga cikinsu sunansa ya koma limf. Hanyoyin suna haɗuwa suna girma suna hawa sama, har su juye ruwan a manyan jijiyoyin jini da ke gindin wuya. Na ƙafafu biyu da ciki da duk ɓangaren hagu ta hagu suke juyewa, hannun dama da rabin kai da rabin ƙirji na dama kuma ta dama.

Ga inda amsarka take. Ruwan nan ba shi kaɗai yake tafiya ba. Duk abin da ya tarar a yatsanka, bakteriya ne, gutsattsarin naman da ya mutu ne, da shi zai taho. Da za a bar shi ya zuba a jini haka nan da an shiga uku. Sai aka jera kaluluwa a kan hanya, dole ya ratsa ta cikinsu a tace shi. A cikin kowace ɗaya fararen ƙwayoyin jini ne danƙam. Wasu aikinsu haɗiye duk baƙon da ya iso. Wasu kuma, masu suna limfosait, kowanne da irin baƙon da ya iya ganewa, guda ɗaya tak. Idan aka kawo samfurin abin da ya shiga yatsanka, 'yan tsirarun da suka gane shi sai su fara rabuwa biyu, huɗu, takwas, har su kai dubbai, wasu kuma su yi ta kwararowa daga jini. Wuri ya cika, fatar da ta lulluɓe kaluluwar ta miƙe, shi ne zafin da kake ji.

Gimbiya22
Ikon Allah. Wato kumburin ma alheri ne kenan?

Nas_Balaraba
A irin nasa dai, eh, alamar ana aiki ce. Ba kullum ba, za mu zo nan. Ɗana Ɗalibi ka yi ƙoƙari, abu ɗaya ka manta: ruwan limf ba shi da zuciyar da ke tura shi. Motsin tsoka da numfashi da ɗan matsewar da hanyoyin ke yi da kansu ne ke kai shi sama, ga kuma bawul-bawul a ciki masu hana shi komawa baya. Yana cikin abin da ke sa wanda ya wuni a zaune cikin mota ya sauko takalmi ya matse shi.

Sarkin_Gardama
To ai kin kawo kanki. In motsi ke tura shi, ashe murzawar da abokinsa ya faɗa daidai ce.

Nas_Balaraba
A'a Malam. Kaluluwar da ke cike da ƙwayoyin cuta, in ka danne ta ƙara mata rauni kawai za ka yi, kuma yatsan da ya jawo abin yana nan yadda yake. Tausar da ake yi a asibiti ta masu wani ciwo ne daban, waɗanda hanyar ta toshe musu, kuma shafa ce a hankali, ba murza ba. Ita ma ba a yin ta a wurin da ke da ƙwayar cuta.

Malam_Nazari
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, karance-karance ne dai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne daɗewar da hanyoyin nan suka yi a ɓoye, saboda ruwan ba shi da launi, ko an buɗe jiki ba a lura da su. A 1622 wani likitan Italiya, Gaspare Aselli, yana fiɗar kare a birnin Milan sai ya ga wasu fararen zare-zare a jikin hanjinsa. Ya tsaga ɗaya, abu ya fito fari kamar madara. Ya sake buɗe wani karen, bai ga komai ba. Sai ya tuna na farkon ya ci abinci kafin a buɗe shi, na biyun kuwa da yunwa yake. Ya ciyar da wani ya buɗe, ga su nan raɗau. Ashe maiƙon abin da muka ci ba ta jini yake fara bi ba, ta waɗannan hanyoyin yake shiga, shi ya sa suke yin fari bayan cin abinci. Sauran hanyoyin na jiki kuwa sai bayan shekara talatin Thomas Bartholin na Denmak da Olof Rudbeck na Suwidin suka bayyana su, har suka yi ta jayayya kan wa ya riga wani.

Kuma kar ku ɗauka an gama. Har kwanan nan ana koyar da cewa babu irin hanyoyin nan a cikin ƙoƙon kai, sai a 2015 masana a Amurka da wasu a Finlan suka nuna su a jikin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa.

Dogo_Mai_Shiru
Allah sarki karnukan.

Maman_Iman
Tunda an zo nan bari in sako tawa. Yarona ɗan shekara huɗu kusan kullum in na shafa wuyansa sai na ji 'yan ƙulle-ƙulle ƙanana, suna motsi a ƙarƙashin yatsa, ba sa masa zafi. Yayarsa ma haka ta yi, da ta girma suka ɓace. Na kai shi an duba an ce ba komai, amma uwa ai ba ta rasa tunani.

Ɗalibin_Likita
Hajiya, yara haka suke. Jikinsu yanzu yake haɗuwa da kowace cuta a karon farko, mura yau, ciwon maƙogwaro gobe, ƙuraje a kai jibi, don haka kaluluwar wuyansu ba ta samun hutu. Waɗancan tsokoki biyu na gefen maƙogwaro da ke kumbura wa yara, tonsil, su ma 'yan gidan ne, an ajiye su a bakin ƙofa. Duk irin wannan naman ya fi girma a ƙuruciya, in an balaga sai ya riƙa ja da baya.

Akwai ma wata gaɓa sukutum a bayan ƙashin ƙirji, ana ce mata taimus, wadda a jariri babba ce, bayan balaga ta riƙa motsewa tana komawa kitse. Da likitoci sun ɗauka ba ta da wani amfani, sai a 1961 Jacques Miller yana aiki a Landan ya cire ta a jikin jariran ɓeraye, ya ga sun taso ba garkuwa. Ashe makaranta ce. Duk fararen ƙwayoyin jini a ɓargo ake ƙera su, amma wani rukuni sai ya je taimus an yi masa jarrabawa: wanda bai iya gane komai ba a kashe shi, wanda kuma yake kai wa naman jikin mai shi hari shi ma a kashe shi. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fitowa da rai. Waɗanda suka tsira su ne ƙwayoyin T, kuma su ne suke zuwa su zauna a kaluluwa irin ta Yaya Baban Haidar suna jira.

Gimbiya22
Wannan makaranta ba sauƙi. To in akwai T, akwai A da B da C kenan?

Ɗalibin_Likita
B dai akwai. Su ne masu ƙera antibodi, wani sinadari da ke yawo a jini yana manne wa ƙwayar cuta ɗaya da aka yi shi dominta, ya hana ta shiga inda take so, ya kuma yi mata alama don masu haɗiya su same ta. Harafin B ɗin daga kaza aka samo shi, don a jikinta aka fara gano inda suke girma, wata 'yar jaka kusa da duburarta. Mu ba mu da jakar, namu a ɓargo suke gama girma.

Kawu_Tanko
'Ya'yana na karanta duk abin da kuka rubuta, na ƙaru. Amma ina jin tsoron wani ya karanta rabi ya tafi da cewa kaluluwa ba komai ba ce. Ƙanina ya yi wata a gefen wuya. Ba zafi, ba ciwo a ko'ina, shi ya sa ma ya raina ta. Ya yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da kansa, wannan ya ƙare ya sayi wancan, wata uku. Yana ramewa, da dare ya jiƙe sharkaf da gumi har sai an canza zanin gado. Sai da muka yi masa jan ido ya je asibiti, aka ɗebi ɗan abu daga ciki da allura aka duba. Tarin fuka ne. Shi da ko tari ba ya yi! Ya sha magani wata shida, yanzu lafiyarsa ƙalau, amma ya ga wuya, kuma da ya je da wuri da bai kai haka ba.

Nas_Balaraba
Allah ya saka da alheri Kawu, nan nake son zuwa. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, kuma a wajen huhu kaluluwar wuya tana cikin wuraren da ya fi sauka.

Abin da nake gaya wa mutane shi ne mai zafin nan da ta fito dare ɗaya, ga ciwo a kusa da kowa ke gani, ita ce mai sauƙin. Wadda take ba ni tsoro shiru-shirun ce: ba zafi, tauri kamar dutse ko kamar roba, ba ta motsi in an tura ta, tana ƙara girma, ta wuce mako uku zuwa huɗu ba ta sauka ba. Ko a ga sun fito a wurare da yawa lokaci guda. Ko a haɗa da rama da gumin dare da zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba. Wadda kuma ta fito a ɗan kwarmin nan na saman ƙashin da ke gindin wuya, ko ƙarama ce a je a nuna ta. Sankara tana bin hanyar limf kamar yadda bakteriya ke bi, shi ya sa mai ƙullutu a nono ake laluba mata hammata. Akwai kuma sankarar da daga kaluluwar kanta take farawa, wani nau'inta ma da sunan Thomas Hodgkin ake kiransa, likitan Ingila da ya bayyana shi a 1832, kuma yana cikin waɗanda ake warkewa sosai in an kama da wuri.

Sarkin_Gardama
Duk na ji. Amma ni tambayata, in garkuwar nan tana da wannan ƙarfin, me ya sa muke kwanciya ciwo? Sojan da sai an ci gari sannan ya farka ai ba soja ba ne.

Malam_Nazari
Ranakun da ka kwanta kake ƙirgawa, ba ka ƙirga waɗanda ba ka kwanta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan, fata, da majina da hawaye da yawu da ruwan tsamin ciki, kullum suna mayar da abin da ba ka ma san ya zo ba. Baban Haidar shekara nawa yana taka ƙasa da yatsan nan ba abin da ya same shi sai da farce ya ɗage?

Ɗalibin_Likita
Ƙari a kan na Malam. Masu tsaron kashi biyu ne. Na farko ba sa tambayar sunan baƙo, cikin sa'o'i sun iso. Su ne ke sa wuri ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, don an buɗe jijiyoyi ne su samu hanya. Mafi yawansu ana ce musu nutrofil, su ne fiye da rabin fararen ƙwayoyin jini, suna ci su mutu a wurin. Mugunyar da ke yatsan Yaya yawancinta gawarsu ce. Wani Barashe, Metchnikoff, shi ya fara ganin wannan a 1882 a garin Messina na Italiya. Ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, wanda ake hango cikinsa tar, da gari ya waye ya tarar wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe.

Kashi na biyu su ne T da B. Sun fi iya saiti amma suna da nawa, don sai an nemo wanda ya dace an hayayyafa shi, a karon farko abin yana cin mako ɗaya zuwa biyu. A wannan tsakanin ne kake kwance. Sai dai su ba sa mantuwa. Bayan an gama, wasunsu suna zama shekaru da shekaru, in cutar ta dawo cikin 'yan kwanaki an gama da ita, wataƙila ko ciwon kai ba ka yi ba.

Maman_Iman
Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sakewa.

Baba_Mai_Carbi
To tunda haka ne, ba gara a bar yaro ya yi cutar ya samu garkuwa ta asali ba? Mu da aka haifa kafin yawan alluran nan ga mu nan da ranmu.

Nas_Balaraba
Baba, da girmanka, waɗanda suka rayu ne ke ba da labari. Allurar rigakafi ba wani baƙon abu take sa jiki ya yi ba. Samfurin cutar ake ba shi, wanda aka kashe ko aka raunana ko aka gutsuro, a kai wa kaluluwa ta yi karatun nan na mako biyu ba tare da yaron ya biya da idonsa ko ransa ba. Shi ya sa wani in an yi masa allura a dantse hammatarsa take ɗan kumbura kwana biyu.

Ƙyanda ma da aka ambata ita ce misali mafi muni, don ƙwayoyin tunin nan take kamawa. An yi bincike kan yara 77 a ƙasar Holan da ba a yi musu rigakafi ba, aka ɗebi jininsu kafin su yi ƙyanda da bayan sun yi, aka wallafa a 2019. An tarar cutar ta goge musu daga kashi 11 har zuwa 73 cikin 100 na ire-iren antibodin da suka tara a baya. Wato yaro ya warke, ya samu garkuwar ƙyanda, amma ya yi asarar ta wasu cututtukan da ya riga ya sha wuyarsu.

Malam_Nazari
Agana kuma ina take yau? Edward Jenner ya fara gwajin rigakafinta a Ingila a 1796, mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a gari a Somaliya ne a 1977, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewarta a 1980.

Baba_Mai_Carbi
Agana kam na ga masu zanenta a fuska da idona. Na karɓi wannan. Sauran zan ƙara tunani.

Amaryar_Bana
Sista, jariri fa da bai yi karatun komai ba, da me yake kare kansa?

Nas_Balaraba
Da aro, 'yata. A watannin ƙarshe na ciki uwa tana tura masa antibodinta ta mabiyiya, bayan haihuwa kuma nono ya ɗora, musamman dakashi, wanda ke shafe masa hanji. Na aron yana ƙarewa cikin watanni, shi ya sa ake jira sai wata tara ko shekara kafin allurar ƙyanda, in an yi da wuri sosai na uwar sai ya tare ta. Amma jaririn da bai kai wata uku ba in zafin jikinsa ya kai 38 a ma'aunin zafi, ba a jira, asibiti kai tsaye.

Gimbiya22
Ni kuma ana ta tallata min wasu ƙwayoyi a intanet wai suna ƙara ƙarfin garkuwa ninki goma, suna wanke limf. Akwai gaskiya?

Dogo_Mai_Shiru
Suna wanke aljihu dai.

Hajiya_Turai
'Yata ki riƙe kuɗinki. Ni ce nan mai garkuwar da ta yi ƙarfi fiye da kima, kuma ba na yi wa maƙiyina fatan irinta. Shekara tara ina fama da ciwon gaɓoɓi, irin wanda garkuwar jiki ce da kanta take cin mahaɗar yatsu. Da asuba sai na yi awa guda kafin hannuna ya buɗu. Maganin da likita ya ɗora ni a kai ma na rage mata kaifi ne. Da ɗana Ɗalibi ya yi maganar makarantar nan da ake kashe masu kai wa gida hari, sai na ce to nawa wasu ne suka tsallake ta katanga.

Ɗalibin_Likita
Allah ya ba ki lafiya Mama, kusan haka ɗin ne. Ciwon suga irin na yara ma haka yake, garkuwa ce ke hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Masu atishawa da ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi saboda ƙura ko gashin kyanwa su ma garkuwar ce ta ɗauki abin da ba shi da laifi ta mai da shi abokin gaba. Don haka ba ƙarfi ake nema ba, daidaito ake nema. Wanda yake da ƙarancin wani sinadari a jiki in an cike masa zai amfana, yunwa kuwa tana karya garkuwa ƙwarai, haka rashin barci da sugan da ba a kula da shi ba. Amma mai lafiya ya haɗiyi ƙwaya ya ninka goma, babu wannan. Limf kuma kaluluwa ke tace shi, jini ga hanta ga ƙoda, ba a ba wani ɗan kasuwa kwangilar ba.

Mai son ganin yadda rashin garkuwa yake na gaske ya dubi ƙanjamau. Wani nau'in ƙwayoyin T take kamawa, masu suna CD4, waɗanda su ke ba sauran umarni. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake yi, in suka faɗo ƙasa da 200 sai cututtukan da da ba sa iya komai su samu sarari. In an hau magani kuma adadin yana farfaɗowa.

Abu_Sadiya
Ba wanda ya ambaci saifa. Ɗana sikila ne, tun yana jariri aka ɗora shi a kan penisilin kullum, aka ce saboda saifarsa. Na bi umarni amma ban taɓa fahimtar haɗin ba.

Nas_Balaraba
Abin da kaluluwa take yi wa limf, shi saifa take yi wa jini. Tana hagu a ƙarƙashin haƙarƙari, tana tsince jajayen ƙwayoyin da suka tsufa, su da ma kwana 120 suke yi, tana kuma kama wasu bakteriya masu santsin riga da sauran masu tsaro ke wahalar riƙewa. A sikila, lanƙwasassun ƙwayoyin suna toshe mata hanyoyi tun yaro yana ƙarami har ta daina aiki, sai irin waɗancan bakteriyar su samu ƙofa, masu kawo ciwon huhu da sanƙarau. Penisilin ɗin da ƙarin alluran rigakafi gurbinta suke cikewa. Kar ka yi wasa da shi, zazzaɓinsa kuma ba irin na sauran yara ba ne, ba a kwana da shi a gida.

Sarkin_Gardama
Ɗazu kin ce akwai waɗanda hanyar ke toshe musu. Su ne masu tundurmi?

Nas_Balaraba
Yau dai ka faɗi daidai. Wata siririyar tsutsa ce da sauro ke ɗaukowa daga mutum zuwa mutum, ta zauna a hanyoyin limf shekara shida zuwa takwas tana lalata su. Ruwa ya rasa mafita, ƙafa ta kumbura, fata ta yi kauri, a maza har da gwaiwa. Amma ba tsutsa kaɗai ba. Matar da aka yi wa aikin sankarar nono aka kwashe mata kaluluwar hammata, hannun nan yana iya kumbura ko bayan shekaru. Su ne ake koya wa shafar da na faɗa, da ɗaurin bandeji, da tsabtace fata sosai don ɗan ƙwarzane kaɗan yana zame musu babban ciwo.

Malam_Nazari
A kan tsutsar nan ce ma aka fara kama sauro da laifi. Patrick Manson ya nuna haka a 1877 yana aiki a ƙasar Sin, shekara ashirin kafin a tabbatar da nasa hannun a zazzaɓin cizon sauro.

Baban_Haidar
Jama'a na dawo. Na je an wanke yatsan, an cire guntun farcen da ya rage, an yi min tetanus. Likitan ya taɓa kaluluwar sau ɗaya ya koma kan yatsan, kamar yadda Sista ta ce. Ya ce in ga jan layi ko zazzaɓi ko ta ƙara girma in dawo ba jira. Yau zafin ya ragu, amma ƙullin yana nan. Abokin nawa kuma har yanzu yana kan bakansa, wai shi tasa da ya murza ta baje.

Maman_Iman
Da ma za ta baje, ko ya murza ko bai murza ba.

Nas_Balaraba
Zafin ne ke fara tafiya, ƙullin yakan ɗauki mako biyu ko fiye, wani lokaci ma ba ya komawa ƙanƙanta kamar da. Ka daina taɓa ta kowane minti biyar kana gwada ko ta ragu, na san kana yi.

Baban_Haidar
Wallahi hannuna yana kai lokacin da nake karantawa.

Sarkin_Gardama
Ni dai har yanzu ina ganin ɗingishin ma ya taimaka. Sista, in mutum ya yi tuntuɓe da ƙafar hagu kaluluwa ta fito masa a dama fa, sai ki ce me?